Sa Ido Kan Ƙwayoyin Cuta Masu Bijire wa Magani a Asibiti

A 1945, lokacin da Alexander Fleming ya karɓi lambar yabo ta Nobel saboda gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan magani ƙasa da ƙima yakan sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. Maganarsa kuwa ta tabbata, domin a 1961 an sami nau'in Staphylococcus aureus a Ingila wanda sabon maganin metisilin ya kasa kashewa.

Asibiti shi ne matattarar irin waɗannan ƙwayoyi, saboda a nan ake yawaita ba da magani, a nan kuma raunana suke kwance gado kusa da gado. Hannun da ba a wanke ba ya isa ya kai cuta daga majiyyaci zuwa wani.

Aikin sa ido ya kasu gida uku. Da farko akan ɗebi jini ko fitsari ko mugunya, a reni ƙwayar a ɗakin gwaji. Na biyu, akan ɗora mata 'yan takardu masu ɗauke da magunguna iri-iri, a bar su su kwana. Inda ta yaɗu har jikin takarda, maganin nan ya gaza ke nan. Na uku, akan tattara sakamakon, domin likita ya san maganin da har yanzu yake ci a asibitinsa.

An ƙiyasta cewa a 2019 wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27, kuma ta fi tsanani a Afirka ta Yamma. Asibitin da ba ya gwaji, lalube yake yi cikin duhu, majiyyaci kuwa shi ke biya da ransa.