Jiyyar Iyaye: Darasi Daga Ƙasar Japan

Karatu: 1 Timothawus 5:3-8

'Yan'uwa, akwai cuta wadda ta kan zo ta wuce, akwai kuwa wadda ta kan zo ta zauna, kamar hawan jini, da ciwon suga, da shanyewar jiki. A Wurno da Rabah da Goronyo, maza suna gona da damina, da rani kuwa suna fadamar gulbin Rima wajen albasa da shinkafa, waɗansu kuma sun tafi cin rani. To, sa'anda tsoho ya kwanta shekara da shekaru, wa ke ɗaga shi, ya yi masa wanka? Galibi mace ɗaya ce, ko 'yarsa ko matar ɗansa.

Mutanen Japan sun bi ta wannan hanya. Bisa ga al'adarsu ta dā, babban ɗa shi ke gadon gida, matarsa kuwa ita ke jiyyar surukanta. A 1972 wata marubuciya, Ariyoshi Sawako, ta rubuta labarin wata mace mai jiyyar surukinta wanda tsufa ya rikita hankalinsa. Littafin ya girgiza ƙasar, gama mata da yawa sun ga kansu a ciki. A 2000 gwamnatinsu ta kafa asusun jiyya: kowane mai shekara 40 ko fiye ya kan biya wani abu, domin a aika da mataimaka gidajen tsofaffi. Watau sun gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ba mu da irin wannan asusu, amma muna da dangi da ikilisiya. Sai 'ya'ya su zauna su raba aikin: wannan ya ɗauki kuɗin magani, wancan ya kai tsoho asibiti a Sakkwato, wata ta karɓi kwana. Kada a daina shan maganin hawan jini don an ji sauƙi. Wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, domin kada gyambo ya fito. Zumuntar mata kuma ta karɓi mai jiyya ko da yini ɗaya a mako, ta huta. Idan mai jiyya ta faɗi, majiyyata sun zama biyu.

Tambayoyi
1. A gidanku, wa ke ɗauke da nauyin jiyya?
2. Yaushe rabon da ta huta?
3. Wane kashi na aikin za ka karɓa a makon nan?