Teku Ma Tana Da Lokutanta

Ya kai mai karatu, ka san halin gulbi. Kai mutumin Ɗan Gulbi ne, sunan garinku ma daga gulbi ya fito. Da rani Gulbin Kaba rairayi ne. Gulbin Maraɗi shi ma ba ya kawo ruwa sai damina ta zauna. Ruwan sama shi ne ubangidan gulbi. In an yi ruwa ya kawo, in an ɗauke ya janye.

Ruwan Gulbin Maraɗi yakan shiga Rima, ya bi ta ƙasar Sakkwato, ya faɗa Kwara. Kwara kuma ta kai shi teku. Daga nan zuwa bakin teku ya fi kilomita 800. Amma kowace shekara, in an gama kaka, samarinmu sukan tafi ci-rani Ikko, da Kwatano, da Lome, da Abijan. Duk waɗannan birane a bakin teku suke. To, ya kamata ka san halinta, ko don kanka, ko don ɗanka. Teku ma tana kawowa, tana janyewa. Sai dai ita ba ruwan sama take jira ba. Wata da rana take bi.

Lissafin kwana ɗaya

In ka tsaya bakin teku a Kwatano da safe, za ka ga ruwa yana matsowa sannu-sannu. Bayan awa 6 da ƴan mintoci sai ya fara komawa. Bayan wasu awa 6 kuma ya sake dawowa. Ke nan sau 2 teku take kawowa a kwana ɗaya, sau 2 take janyewa.

Me ke kawo haka? Allah ya sa wa wata ƙarfin jan abu. Yana jan ruwan tekun da ke fuskantarsa, sai ruwan ya yi tozo. A can bayan duniya ma akwai wani tozon, don jan wata bai kai can da ƙarfi ba, sai a bar ruwan wurin a baya. Duniya kuwa juyawa take yi. Saboda haka mafi yawan garuruwan bakin teku sukan gamu da tozo 2 kafin gobe. Wani masani na ƙasar Ingila, Isaac Newton, shi ya bayyana dalilin wannan abu a shekarar 1687.

Ka lura da fitowar wata? Kullum yakan makara a kan jiya. Makarar nan wajen minti 50 ce. To, haka teku take yi. In yau ta cika da ƙarfe 8 na safe, gobe sai wajen 9 saura minti 10.

Kila ka ce, don me rijiyarmu ba ta yin haka, ko tafkin Madarumfa? Ai sun yi ƙanƙanta. Sai ruwa mai faɗin dubban kilomita ake ganin wannan motsi a fili.

Lissafin wata

Rana ma tana jan teku. Ta fi wata girma ƙwarai, amma ta fi shi nisa. Shi ya sa aikinta a kan teku bai cika rabin na wata ba.

Ka tuna da masu jan guga a rijiya mai zurfi. In mutum 2 sun kama igiya ɗaya, sun ja a layi ɗaya, guga yakan fito da sauri. In wannan ya ja gabas, wancan ya ja kudu, ƙarfi ya rabu.

Haka abin yake a sama. Lokacin tsayuwar wata, da kuma daren 14 ko 15, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya. A kwanakin nan teku takan kawo da yawa, ta kuma janye da nisa. Abin yakan fi ƙarfi kwana 1 ko 2 bayan haka. Amma wajen 7 ga wata da 22 ga wata, lokacin da ake ganin rabin wata, ƙarfinsu ya rabu. Sai teku ta kawo kaɗan, ta janye kaɗan.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne gare ka. Da shi kake ɗaukar azumi, da shi kake shan ruwa.

Lissafin shekara

Yanzu mun zo ga babban darasinmu. Ba kowace tsayuwar wata ce take kawo ruwa daidai da ƴar'uwarta ba. Lokutan shekara ma suna da nasu hannu.

Kai manomi ne, ka san rana ba ta fitowa wuri ɗaya. A farkon damina, cikin watan Yuni, takan karkata arewa. Cikin sanyi, a watan Disamba, takan karkata kudu. Sau 2 a shekara take fitowa gabas sak, ta faɗi yamma sak: wajen 21 ga Maris, da wajen 23 ga Satumba. A ranakun nan dare da yini tsawonsu ɗaya ne.

A wannan lokaci rana tana bisa tsakiyar duniya daidai. Sabon wata da cikakken wata su ma kusa da nan suke bi. Sai jansu ya haɗu sosai. Don haka a mafi yawan gaɓar teku, kawowa mafi girma takan zo ne kusa da ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba. Wato farkon bazara, da lokacin da gero ya nuna. A Yuni da Disamba kuwa abin yakan yi sauƙi, kuma kawowa 2 ta kwana ɗaya ba ta cika zama daidai ba, ɗaya takan fi ɗaya.

Akwai wani abu kuma. Nisan rana da mu ba ɗaya ba ne kullum. A farkon Janairu ta fi kusa, kilomita miliyan 147. A farkon Yuli ta fi nisa, kilomita miliyan 152. Wata ma yakan matso, yakan yi nisa. In matsowarsa ta dace da tsayuwarsa ko cikarsa, cikin Maris ko Satumba, ranar ake ganin ruwa inda ba a saba gani ba.

Kada ka ɗaure wannan lissafi ga watan Azumi ko watan Layya. Watanninmu na Musulunci sukan matso da wajen kwana 11 kowace shekara. Sai ka riƙe kalanda 2: kwanan wata ka duba sama, lokacin shekara ka duba kalandar boko.

Kowace teku da nata

A Ikko da Kwatano, tsakanin cikar teku da janyewarta bai kai mita 2 ba. A Jidda, inda alhazanmu suke sauka, bai kai ko rabin mita ba. Amma can tekun takan fi cika da sanyi a kan lokacin zafi, saboda iska. A Faransa akwai wani dutse mai suna Mon San Mishel, inda bambancin yakan kai mita 14. In teku ta janye ana zuwa da ƙafa, in ta kawo sosai sai ya zama tsibiri. A mashigin Fandi na ƙasar Kanada abin yakan kai mita 16. Zurfin wata rijiyar ke nan!

Inda haɗarin yake

Kada ka rena mita 1 na Ikko da Kwatano. Ƙasarsu kwance take, kusan daidai da teku. Daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa takan yi ƙarfi a wannan gaɓa, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. In teku ta cika, ruwan kwata ba ya samun hanyar fita, sai ya koma cikin unguwa. A Kwatano, kogin Weme yakan cika tafkin Nokuwe cikin Satumba da Oktoba. A shekarar 2010 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar Benin a daidai waɗannan watanni.

Ran 18 ga Agusta 2012, teku ta afka wa bakin ruwan Kuramo a Ikko. Ta kwashe rumfuna, mutane suka rasa rayukansu. Duba lokacin da kyau: tsakiyar damina ne, kuma ƙarshen watan Azumi, ana jiran tsayuwar wata.

To, ga shawara. In ka je kurmi da rani ka ga ɗaki mai araha kusa da ruwa, kada ka yi saurin biya. Duba gindin bango, ko akwai shaidar ruwa. Tambayi masunta da tsofaffin unguwa ina ruwa yake tsayawa a Satumba. Kada ka kwana a kan rairayin bakin teku, ko ka bar kayan sana'arka a can, don ka ga wurin a bushe da yamma. Kafin asuba yana iya zama ruwa. Kada ka shiga wanka inda ba ka ga ƴan gari suna shiga ba. A tashoshin jiragen ruwa akwai takarda mai nuna awar kawowa da janyewa ta kowace rana. Yanzu da ka iya karatu, kai ma kana iya duba ta.

Ke kuma uwa, in ɗanki ya kira daga Kwatano, bayan gaisuwa ki tambaye shi inda yake kwana. Ki tuna masa yau nawa ga wata.

Tambayoyi

1. Sau nawa teku take kawowa a kwana ɗaya?
2. A waɗanne kwanakin wata ta fi kawowa?
3. Waɗanne watanni 2 ne na kawowa mafi girma?
4. In yau teku ta cika da ƙarfe 6, da ƙarfe nawa za ta cika gobe?
5. Rubuta wasiƙa mai layi 5 zuwa ga ɗan'uwanka da ke ci-rani, ka gaya masa abin da ka koya.