Yadda ake yi wa tsohuwar ƙofar katako fenti ya kwanta sumul

Katakon ɗaki a Dogondutsi da Tibiri yana shan wuya: da damina ya kumbura, da bazara ya bushe har ya tsage. Fenti ba ya rufe wannan, mai sheƙi ma ƙara fito da shi yake yi. Don haka yawancin aikin yana kafin a buɗe gwangwani.

Cire ƙofar ka kwantar da ita a inuwa. Ƙwanƙwasa ta ko'ina. Inda ka ji fanko, gara ta ci, sai kafinta ya sauya wurin. Wanke ta da ruwan omo, ta bushe sarai, sannan ka kankare tsohon fentin da ya ɗago.

Yanzu guga. Naɗe takardar yashi mai lamba 80 a guntun katako mai baje, don hannu kawai yana bin kwari da tudu ne, ba ya daidaita su. Ka bi tsawon katakon, kada ka gitta. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, gubar da ta kashe yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Don haka jiƙa wurin kaɗan kafin guga, ɗaure hanci, a kori yara.

Tsaga da ramin ƙusa kuma, kwaɓa garin katako da farin gam na kafintoci ka cusa, ya ɗan yi tozo, don yana lotsawa idan ya bushe. Washegari ka goge da lamba 120. Rufe ido ka shafa da tafin hannu. Abin da hannu ya ji, fenti zai nuna shi.

Share ƙura da tsumma mai laima, ka yi shafin farko siriri. Bar shi ya kwana, ka bi shi sama-sama da lamba 220, sannan shafi biyu, kowane ya kwana. Masu gaggawa kan labta mai kauri sau ɗaya, ya yi ta zuba yana yamutsewa.

Yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara shafa fenti don kada ƙura ta tashi, kuma ka yi aikin da sassafe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazon hunturu bai sauko ba.