Hayaƙin Taba da Haƙƙin Maƙwabci

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi na ƙasar Arewa, darasinmu na wannan karo yana kan hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, da abin da hanin yake jawo wa ƙirjin ɗan Adam na sauƙi.

Da farko ya kamata mu san yadda hayaƙi ke yin ɓarna. Allah Ya halitta wasu ƙananan gasu a cikin hanyoyin numfashinmu, aikinsu share ƙura da majina zuwa waje. Hayaƙin taba yana raunana su, sai ƙazanta ta zauna a huhu, tari ya yi naci, ciwon haƙarƙari ya sami ƙofa. Masana sun ƙididdige sinadarai fiye da 7,000 a cikin wannan hayaƙi, kimanin 70 daga cikinsu suna haddasa ciwon daji. Kuma hayaƙi ba ya tsayawa ga mai shan sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa fiye da mutum miliyan 1 ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin da wani ya busa. Yara sun fi kowa cutuwa, domin numfashinsu ya fi na manya sauri, huhunsu kuwa bai gama ƙwari ba.

Na biyu, shin hanin yana da amfani? An gwada an gani. A shekarar 2004 ƙasar Ailan ta zama ta farko da ta hana shan taba a dukkan rufaffun wuraren aiki. Yankin Sikotland na Birtaniya ya bi sahu a 2006. Kafin dokar, yawan yaran da ake kwantarwa a asibiti saboda ciwon fuka yana ƙaruwa kowace shekara. Binciken da aka buga a 2010 ya nuna cewa bayan dokar adadin ya riƙa raguwa da kimanin kashi 18 cikin 100 a shekara. Haka nan ma'aikatan da ke wuni cikin hayaƙin baƙi, tari da shessheƙarsu sun ragu cikin watanni biyu kacal. Ashe huhu yana farfaɗowa da zarar an ɗauke masa abin da ke cutar da shi.

Na uku, ina muka tsaya mu a nan Nijar? Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, sannan ta kafa doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu, 2006, wadda ta hana shan taba a wurare irin su makarantu da asibitoci da motocin haya. To amma jami'in hukuma ba zai shiga kowace motar da ta taso daga Dogon Dutsi zuwa Matankari ba, ba zai zauna a kowace rumfar kasuwa ta Tibiri ko Kore Mai Ruwa ba, balle fadar samari inda ake dafa shayi, ko ɗakin da uwa ke shayar da jinjiri. A waɗannan wurare, tsoron Allah da kunyar jama'a ne kaɗai masu tsaro. Mu tuna kuma ƙirjinmu yana da nasa nauyin tun kafin taba: ƙurar hunturu tana nan, hayaƙin icen girki yana nan. Wanda ya ƙara na sigari a kai ya ɗora wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa.

Addininmu ya riga kowace doka a wannan babi. Sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa da ya nisanci masallaci, saboda warin yana cutar da masallata. Idan wari kawai ya isa a hana mutum shiga sahu, yaya hukuncin hayaƙin da ke kwantar da ɗan maƙwabci? Malaman Fiƙihu sun haɗu a kan cewa cuta ana gusar da ita, kuma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe.

Saboda haka muna kira ga direbobi da shugabannin tasha da su hana kunna taba a cikin mota, ko da na gaban mota ne. Masu gida kada su sha a ɗaki ko a zaure inda yara ke karatu, kuma kada a aiki yaro sayen sigari. Kwamitocin masallatai su kiyaye ƙofofi da harabar alwala. Wanda Allah Ya jarrabe shi da shan taba ɗan'uwanmu ne, a yi masa nasiha da taushin harshe, a taimake shi ya daina. Yaron da tarinsa ya daɗe ko numfashinsa ya yi sauri, a gaggauta kai shi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu daga cutar da bayinSa. Amin.