Zaɓen Gilashin Kyamara Domin Ɗaukar Hoton Tsuntsaye da Namun Daji

Duk ɗalibin da ya taɓa zuwa bakin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gina a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, ya san yadda abin yake. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ka ɗaga waya ka ɗauka, ka duba, sai ka ga wani ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda. Ka matsa kusa, ya tashi. Maganin wannan shi ne gilashi mai jawo nesa, watau dogon gilashin da akan ɗaura a bakin kyamara.

Da milimita ake auna ƙarfinsa. Gilashi mai milimita 50 yana nuna abu kusan yadda ido yake ganinsa, mai 300 kuwa yana girmama shi sau 6. Mu ɗauki balbela, wadda tsawonta kamar rabin mita ne, tana nesa da mita 30. Da gilashi mai 50, siffarta a kan farantin da ke karɓar haske cikin kyamara ba ta kai milimita 1 ba. Da mai 300 za ta kai milimita 5. Ƙananan kyamarorin Nikon da Canon suna da ƙaramin faranti, saboda haka mai 300 yakan yi aikin mai 450 ko 480 a kansu.

To, sai wani ya ce a sayi mafi tsawo mana, mai 600. Ni dai ban ba da wannan shawara ba, ko da kuɗin yana nan. Gilashi yana girmama tsuntsu, amma yana girmama duk abin da ke tsakaninka da shi. A nan ƙasarmu, daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, daga Maris kuma zafi yakan sa iska ta riƙa rawa a bisa duwatsu da fako. Wanda ya ɗauki remar da ke shan hantsi a kan dutse ta wajen Kurfi daga nesa mai yawa, ƙura zai kawo gida. Ku sake duba lissafin nan: mai gilashin 300 da ya lallaɓa zuwa mita 15 ya sami girman da mai 600 ya samu daga mita 30, hotonsa kuma ya fi tsabta. Mai zuƙowa daga 70 zuwa 300 ya ishi mai koyo, nauyinsa kuwa bai kai kilo 1 ba.

Sai lambar ƙofar haske. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa: f/2.8 tana shigar da haske ninki 4 na f/5.6, amma irin wannan gilashi ya wuce kilo 2, tsadarsa kuma ba a magana. Mu da rana ta wadace mu, f/5.6 ba laifi. Abin lura shi ne rawar hannu. Da mai 300, kada ƙiftawar kyamara ta yi jinkiri fiye da 1/500 na daƙiƙa, in kuwa shirwa ce a sama, sai 1/1000 ko fiye. Tun 1995 Canon ya fitar da gilashi mai rage rawar hannu, mai alamar IS. Na Nikon VR ne. In da hali a nemi mai wannan alama.

Yawancinmu na hannu za mu saya. A tafi da kyamarar, gama gilashin Canon ba ya shiga bakin Nikon. A haska ciki da tocila, in an ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, a bar shi. Kada kuma a sauya gilashi a fili lokacin hunturu.

Farawa sura 2 ta nuna mana Adamu yana raɗa wa kowace halitta suna, amma yau ɗalibi nawa ne a aji 1 ya taɓa ganin ungulu a mahauta? Sa'ad da muke yara ba a ƙirga su. A 2015 aka sa irin ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Wanda ya sami hotonta, ya rubuta wuri da kwanan wata a ajiye.

Gargaɗi ɗaya, saboda halin tsaro: kada kowa ya nufi dajin Rugu da sunan ɗaukar hoto, kuma dogon gilashi daga nesa yana iya kama da bindiga. A gaida mai unguwa tukuna, a faɗi abin da ya kawo ka, a tafi da ɗan gari. Mai koyo ya fara da shamuwa, wadda takan zo ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari gab da faɗuwar damina.