Filin Gwaggo: Gogamasu aka aike ni, na dawo da abin dariya

Gwaggo, ni 'yar Gummi ce, aure ya kawo ni ƙasar Anka. Makero ya fito wa ɗana a wuya, sai uwar mijina ta ce in je in ciro gogamasu. Na fita bayan gari na cika bakin zanena da wata ciyawa mai ƙananan fararen furanni. Da na kawo, ko taɓawa ba ta yi ba, ta ce alkamar tururuwa ce, wai 'yar boko ko ciyawar ƙofar gida ba ta sani ba. A gaban faccalolina ta faɗa, suka yi ta dariya. Har yau in na gifta sai wata ta ce ga mai tururuwa nan. Ni kuwa na tabbata irinta mahaifiyata take cirowa. Ko da ba ita ba ce, a gaban mutane za a tozarta ni? Don Allah wa ke da gaskiya?

Daga 'yarki a Anka

'Yata, dariyar faccaloli ta cinye wasiƙarki, har ba ki gaya mini shekarun yaron ba, ba ki kuma faɗi inda kika ciro ciyawar ba. Bayan gari faɗi gare shi.

Ciyayin nan biyu dangi ne, gidansu ɗaya da gauɗe da giyayya da tafashiya, shi ya sa suke ruɗa mai gaggawa. Dukansu na damina ne, ganyensu bibbiyu ne suna fuskantar juna, kuma suna son jigawa da saura da gefen hanya. Gogamasu ganyensa gajere ne mai ɗan faɗi, furanninsa sun yi dunƙule a kowace gaɓa sun zagaye karan, irinsa kuma ƙanana ne ƙwarai. Alkamar tururuwa ganyenta ya fi tsawo da siranta. Ki murza kanta in ya bushe, za ki ga ƙwaya mai tsaga a ciki kamar ta alkama. Da idonta Inna, uwar mijinki, ta gane wannan, domin ta shekara da shekaru tana noma. Zance na gaskiya, ina jin ita ce da gaskiya, kuma boko bai hana ki durƙusa ki tambaye ta kafin ki fita ba. Abin da ke damuna ke nan da yaran yanzu: an san sunan tsiro, ba a san kamanninsa ba, ba a san mazauninsa ba.

Mazaunin ma shi ne babbar magana a ƙasarku. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, saboda niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Ƙurar ce ta shiga ƙasa ta shiga jikin yara. Ciyawa mai gashi da ke kusa da ƙasa ƙura take kamawa. Duk abin da ya tsiro kusa da inda ake daka ko wanke dutse, kada ya shigo miki gida, balle ya taɓa jikin yaro.

Sannan ruwan gogamasu yana da zafi, yana iya sale fatar ƙaramin yaro. Ki kai shi asibiti a duba ko makero ne da gaske, ki ware masa tawul da soso, ki riƙa shanya kayansa a rana.

Ita kuwa Inna, ki gaishe ta da safe ki ce ta nuna miki tsiron a gona da hannunta. Ba za ta ƙi ba. Allah Ya ba yaro lafiya.