Kafin Mu Cika Shekara Hamsin: Darasi A Kan Jerin Burinmu

A ƙauyukanmu ba mu saba da bikin ranar haihuwa ba. Da yawa a cikinmu ba mu ma san ranar da aka haife mu ba. Amma jiki yana ƙirga shekaru ko da mu ba mu ƙirga ba. Noman da manomi yake gamawa kafin rana ta take, yanzu sai yamma. Zare ya ƙi shiga kafar allura, sai uwargida ta kira yaro ya sa mata. A lokacin ne muke tuna abubuwan da muka daɗe muna cewa "sai bayan girbi": bashin da ba mu biya ba, iyakar gonar da ba mu nuna wa 'ya'ya ba, ɗan'uwan da muka daina gaisawa da shi.

Wannan darasi domin waɗanda suka doshi shekara hamsin ne, amma mai jiran arba'in ko sittin ma zai amfana. Za a iya yin sa a zumuntar mata, ko zumuntar maza, ko ƙungiyar manoma. Abin da ake bukata shi ne takarda, fensir, da ƙwayar masara goma ga kowane mutum. Wanda bai iya rubutu ba sai ya zana alama, ko wani amintacce ya rubuta masa.

Mataki na 1: Mu san shekarunmu

Mu fara duba takardar baftisma, katin asibiti, ko rajistar makarantar firamare. In babu, mu tambayi tsofaffi abin da ya faru a shekarar da aka haife mu. Ga waɗansu abubuwa da aka san lokacinsu a Nijeriya:

- Janairu 1970: ƙarshen yaƙin basasa.
- Afrilu 1972: canjin hannu, motoci suka koma bin dama.
- Janairu 1973: naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule.
- Fabrairu 1976: an kashe Janar Murtala Muhammad. A wannan shekara kuma aka soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa.
- Afrilu 1984: canjin launin takardun kuɗi.

Wanda aka haifa a shekarar rasuwar Murtala, shekararsa ta hamsin ita ce 2026. Wanda aka haifa a shekarar canjin kuɗi, tasa ita ce 2034. In ba mu san watan ba, sai mu zaɓi ranar da ba za mu manta ba, kamar Kirsimeti ta wannan shekarar, mu mai da ita wa'adinmu. Sa'an nan mu ƙirga damina nawa ta rage mana kafin ranar.

Mataki na 2: Mu rubuta duk abin da ke zuciyarmu

Mu raba takardar gida biyar: lafiya, gona da takardu, dukiya da bashi, ilimi, zaman tare da mutane. A kowane gida mu rubuta abin da muke so mu ga ya tabbata kafin wa'adin. Kowane buri ya zama abin da za a iya nunawa da yatsa a ce an yi. "In yi arziki" ba ya da ranar gamawa. Amma "in biya buhu biyu na masara da ake bina" yana da ita. Haka ma "in iya karanta wasiƙar ɗana da kaina" ya fi "in sami ilimi".

Mataki na 3: Mu tankaɗe jerin

Taura biyu ba ta taunuwa. Jerin da ya kai abu ashirin yakan gajiyar da mai shi tun kafin ya fara. Kowa ya ɗauki ƙwayar masararsa goma ya raba a kan abubuwan da ya rubuta, wanda ya fi nauyi ya sami ƙwaya mafi yawa. Kafin mu ajiye ƙwaya, mu yi wa kanmu tambaya uku. Wa zai cutu in ban yi wannan ba? Yana ɗaukar shekaru kafin a ga amfaninsa? Yana hannuna, ko sai wani ya yi mini? Abubuwa biyar da suka fi samun ƙwaya su ne jerinmu na gaskiya.

Akwai waɗansu abubuwa da muka saba ɗagawa, alhali bai kamata su rasa ƙwaya ba.

Awon lafiya. Hawan jini yawanci ba ya nuna alama. Mutum yana noma lafiya, sai wata safiya a tarar ɓarin jikinsa ya shanye, gida kuma ya rasa mai ciyar da shi. Awon ba ya wuce 'yan mintoci a ƙaramin asibiti. In an auna a ranaku dabam-dabam aka ga ya kai 140/90 ko ya wuce, ana bukatar shawarar ma'aikacin lafiya, kuma ba a daina shan maganin don an ji sauƙi. Mu nemi awon sukari a lokaci guda. Bayan shekara arba'in ido yakan rage ganin abu na kusa, tabarau na karatu yana gyara wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara mata masu shekara 30 zuwa 49 su yi gwajin bakin mahaifa, domin in an gano matsalar da wuri ana iya magance ta kafin ta zama ciwon daji.

Gona da wasiyya. Mun sha ganin gwauruwa da marayu sun rasa gona domin maigida kaɗai ne ya san iyakarta. Mu zagaya iyakar tare da matanmu, 'ya'yanmu, maƙwabtan gona da mai unguwa, mu dasa itace ko mu kafa dutse a kowace kusurwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin riƙe fili a karkara, sai mu tambayi yadda ake nema a sakatariyarmu. Mu rubuta wasiyya a gaban shaidu. Rubuta ta ba ya kiran mutuwa, rashin ta ne yake kiran rigima.

Takardun yara. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa. Tun 2021 kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ake yin rajistar jarrabawar JAMB. Kada mu bari sai ana gab da rufe rajista mu fara guje-guje.

Itatuwa. Zogale yana ba da ganye cikin 'yan watanni. Mangwaro ɗan aure yana fara 'ya'ya bayan shekara uku zuwa huɗu. Kaɗanya kuwa takan wuce shekara goma kafin ta haihu, don haka mu kare ƙananan da suka tsiro da kansu a gona. Mai son cin mangwaron da ya dasa a ranar cikarsa hamsin, dole ya dasa tun yana arba'in da shida.

Mataki na 4: Mu yi lissafi, mu ba kowane aiki lokacinsa

A karanta Luka 14:28-30, inda aka yi maganar mai gini da ya kamata ya fara zama ya lissafta abin da zai kashe. A ce wata mace tana da shekara biyu kafin wa'adinta, tana so ta rufe ɗakinta da kwano. Shekara biyu mako 104 ne. In tana zuba naira 1,000 a adashi kowace ranar kasuwa, za ta tara naira 104,000. Sai ta je kasuwa ta tambayi kuɗin kwano, katako, ƙusa da ladan kafinta. In kuɗin bai isa ba, ko ta ƙara zubi, ko ta rage girman aikin. Da yake kaya suna ƙara tsada, gara ta riƙa sayen kwanon kaɗan-kaɗan duk lokacin da ta kwashi adashi, ko ta sayi akuya, wadda cikinta wata biyar ne.

Kowane aiki kuma da lokacinsa. Dashen itace sai damina ta zauna. Biyan bashi da kaka. Gini da ajin yaƙi da jahilci da rani. Mu rubuta wata a gefen kowane buri, da matakin farko da za mu ɗauka.

Mataki na 5: Mu sami abokin tafiya

Kowa ya zaɓi mutum ɗaya mai riƙon asiri. Sau ɗaya a wata ku zauna ku duba jerin, ku sa alama: an gama, ana ciki, ko an ajiye. Fari, ciwo ko tashin hankali suna iya rushe shiri. In haka ta faru, ajiye wani buri ba abin kunya ba ne, sai a gyara lissafi a ci gaba da sauran. Sannu ba ta hana zuwa.

Sau da yawa abin da ya fi wuya a jerin shi ne wanda ba ya cin ko kwabo: zuwa wurin ɗan'uwa a nemi sulhu. Mu sa shi a farko, gama shi ma nasa shekarun suna tafiya. In muna jin nauyin zuwa mu kaɗai, mu nemi dattijo ya raka mu.

Sa'ad da ranar ta zo, ba sai an yanka rago ba. Mu tara iyali, mu karanta musu abin da aka gama da abin da ya rage, mu yi godiya, mu nuna musu inda takardun suke.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne tsofaffin ƙauyenmu suke lissafin shekaru da su?
2. Me yake hana mu yin maganar wasiyya da iyakar gona a gida?
3. Ina ne wuri mafi kusa da za a auna mana jini da sukari, kuma wace rana?
4. Burin mata da na maza sun bambanta? Wa yake yanke shawara in sun ci karo?
5. Yaya ƙungiyarmu za ta taimaki wanda shirinsa ya rushe?

Aikin wannan mako: kowa ya gano shekarar haihuwarsa, ya zo taro na gaba da burinsa biyar, da sunan abokin tafiyarsa.